Babi na Bakwai: Sayen Gwanjo da Tsofaffin Kaya a Kasuwar Dole

Darasi na farko: kuɗin da aka rubuta da kuɗin da ake faɗa

Babu wanda yake zaune a wannan aji da bai taɓa sayen gwanjo ba, wanda da yawanmu a nan Damagaram muke kira bosho, kuma ba abin kunya ba ne, domin ni kaina da nake rubuta muku wannan darasi rigar sanyina daga cikin dila ta fito. Kayan suna zuwa ne daga ƙasashen waje a ɗaure tamau, a sauke su a tashar jirgin ruwa kamar ta Lome, sannan manyan motoci su kawo mana. Ɗan kasuwa yana sayen dila a rufe, bai san abin da ke cikinta ba sai ya kwance. Masu kyau ya rataye, matsakaita ya jera, ragowar ya zube a ƙasa a kan leda. Asarar da ya yi a kan ragowar nan, a hannun wanda bai duba kaya ba yake fanshe ta.

Kafin ku fita gida ranar Alhamis, ranar da Kasuwar Dole take cika, ku ɗauki takarda ku rubuta abin da za ku saya da kuɗin da kuka ware masa. Ko da rubutun ya karkace ba laifi, ku ne za ku karanta.

Wasu masu kaya suna rubuta farashi a jikin kwali su kafa a kan tsibin kaya. Abin da aka rubuta sefa ne, mu kuwa da dala muke magana, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Saboda haka idan kun ga 100, dala ashirin ke nan, ba dala ɗari ba. Idan kun ga 250, dala hamsin ce. Idan kun ga 500, nan ne dala ɗari take. Idan kun ga 1.000, jika ce, kuma ɗigon nan da ke bayan lamba ɗaya ba ya ƙara komai ba ya rage komai, an sa shi ne don ido ya huta. Wanda ya karanta 100 a matsayin dala ɗari ya miƙa kuɗi, ya biya ninki biyar na abin da aka nema, kuma ba kowane mai kaya ne zai kira shi ya mayar masa ba.

Darasi na biyu: a juya, a kai rana, a duba, sannan a taya

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne wanda kuka fi faɗuwa a kansa. Idan riga ta burge ku, kada ku tambayi kuɗinta tukuna. Ku ɗauke ta, ku zura hannu ta wuya ku kama gindinta daga ciki, ku jawo har bayanta ya koma ciki, cikinta ya fito waje. Abin da nake nufi da juyawa ke nan. Ba duba gaba da baya nake nufi ba, domin na ga masu juya riga kamar ana juya waina a tanda suna cewa sun gama. Ɗinki ne nake so ku gani da idonku.

Bayan kun juya, ku fita daga inuwar rumfa ku tsaya a rana. Ku ɗaga rigar tsakaninku da haske. Duk inda asu ya ci, ko yadin ya sale saboda yawan wanki, haske zai ratso ta wurin kamar rariya. Sai ku bi wurare huɗu ɗaya bayan ɗaya: wuya, hamata, aljihu, da tsakanin cinyoyi idan wando ne. Ku kama ɗinki da hannu biyu ku ja kaɗan, ba da ƙarfi ba. Idan zare ya buɗe baki, to ya mutu. Ku ja zik sama ku ja shi ƙasa sau uku. Ku ƙirga maɓallai, ku ƙirga kafofinsu, ku ga ko sun yi daidai. Ku sunsuna, warin dila wanki yana fitar da shi, amma warin ruma yakan zauna.

Sai bayan duk wannan za ku buɗe baki ku ce, "Nawa ne?"

Dalilin jeranta abin haka shi ne, tayi magana ce mai nauyi. Idan kuka taya mai kaya ya ce albarka, kuna da damar ƙarawa ko tafiya. Amma idan kuka taya ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, kuma a gwanjo ba a mayar da kaya. Aibin da kuka gani kafin tayi kuɗi ne a aljihunku, domin za ku nuna masa da yatsa ku ce, "Alhaji, duba hamatar nan, sai na kai wa tela," ya rage muku. Aibin da kuka gani bayan tayi kuwa naku ne har abada.

A hunturun bara wata baiwar Allah daga cikin ɗalibaina ta shigo aji da murna, ta buɗe ƙullin mayafinta ta fito da rigar sanyi ja mai hula da ta saya wa autanta jika biyu, daf da magariba. Na karɓa na juya ta a gabanku. Shafin ciki ya yage tun daga hamata har ƙugu, audugar ta dunƙule ta taru a gindi kamar curin fura, haƙoran zik uku sun fita, an kuma ɗaure kan zik ɗin da ƴar waya. Na tambaye ta ko ta juya, ta ce ta ji nauyin mai kayan ne, saboda dattijo ne kuma ya yi mata fara'a. Ban ga laifinta ba a ranar, domin dukanmu an yi mana tarbiyyar jin nauyi. Sai dai ku sani, mai kaya na gaskiya ba ya fushi don an juya rigarsa. Wanda ya ɓata rai, akwai abin da ba ya so ku gani. Kuma kada ku ƙara sayen gwanjo bayan rana ta yi sanyi.

Mu maimaita tare, da ƙarfi: a juya, a kai rana, a duba, sannan a taya. Ku rubuta wannan layi sau biyar a littafinku. Wanda hannunsa bai saba ba ya rubuta sau biyu, a hankali, Allah zai sauƙaƙa.

Ina sake faɗa domin na san halinku. Makon da muka yi gwaji a cikin aji, na shimfiɗa riguna a kan tabarma na zama mai kaya, kuma tun ban gama zama ba fiye da rabinku sun ce "nawa ne", alhali layin nan yana rubuce a allo a bayan kaina. Magidanta masu furfura da iyaye mata masu jikoki bai kamata a riƙa nanata musu abu ɗaya kamar yaran makarantar allo ba. Kuɗin nan da gumi kuka samo su. Ku juya rigar.

Darasi na uku: ƴar takardar da ke wuyan riga

A wuyan riga ko a gefenta ta ciki akwai ɗan ƙyalle mai rubutu, kuma ba za ku gan shi sosai ba sai kun juya. Harafin S ƙarama ce, M matsakaiciya, L babba, XL ta fi L girma. Kada ku dogara da harafin kaɗai, domin awon kowace ƙasa daban ne, kuma tsohuwar riga ta sha wanki ta tsuke. Ku auna kafaɗar yaro da ƙugunsa da zare a gida, ku ƙulla, ku tafi da zaren. Idan kun ga an rubuta "100% coton", auduga ce zalla, ita ce take sha zufa a zafin Afrilu da Mayu. Idan kun ga "polyester", yadin roba ne.

Takalmi lambarsa tana ƙarƙashinsa ko a cikin harshensa. Ku tabbata lambar ƙafar dama da ta hagu ɗaya ce. Ku lanƙwasa tafin da hannu. Wani takalmin yana sheƙi kamar sabo, amma ya daɗe a ajiye har robar ta mutu, tana marmashewa a tafiyar farko.

Darasi na huɗu: kayan wuta

Wutar gidajenmu 220 ce. Kayan da aka yi don Amurka 110 ko 120 suke ɗauka, kuma idan aka jona su kai tsaye ƙonewa suke yi. Ku nemi lambar a bayan dutsen guga ko fanka, kusa da harafin V. A jona a gabanku ya yi aiki kafin ku taya.

Darasi na biyar: kayan zamanin da

Tasoshin tagulla da kayan azurfa da dillalai suke yawo da su, ku gwada su da maganaɗisu. Idan ya kama, ƙarfe ne aka shafe. Tsohon kuɗin azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, shekarar 1780 da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara tun bayan rasuwarta. Ku kai wa maƙerin farfaru ya gani, kuma ku daidaita la'ada tun farko.

Darasi na shida: bayan an dawo gida

A wanke da sabulu, a shanya a rana, a goge kafin a sa.

Aiki: kowa ya zo da riga ɗaya ta gwanjo ranar Asabar, a juye.