Yadda na gano abin da ke kashe MGB ɗina a kan hanya

Alhamdu lillahi, an rabu da wannan matsala bayan wata biyu. Motar MGB ce ƙirar 1967, injin 1798cc mai kafireto biyu ƙirar kamfanin SU. Tun da na gama haɗa ta take tashi da bugu ɗaya, amma in na yi tafiyar minti ashirin sai ta fara shaƙewa, ta mutu. In ta huta kaɗan ta sake tashi.

Na zargi wuta. Na canza kwayil, na saita tazarar kwantak a inci 0.015, ta fulogi a 0.025. Na wanke kafireto. Duk a banza.

Ranar da ta sake mutuwa, na buɗe murfin tanki don in duba mai, sai na ji iska ta shige da ƙarfi, fuuu. A nan na gane. Tankin motocin MGB na farko irin tawa ta ɗan ramin da ke jikin murfi yake shaƙar iska, ni kuwa murfin da na saya marar rami ne, irin na waɗanda aka kai Amurka daga baya. Famfo yana jan mai, iska ba ta maye gurbinsa, har ya kasa ja.

Don in tabbatar, na sassauta murfin na yi tafiyar awa guda, ko tari ba ta yi ba. Sai na sa murfi mai rami, na hura shi da baki na ji iska na wucewa kafin in ɗaura. Kilomita 300 ke nan ba ta mutu ba.