Suwaita uku a zango ɗaya: abin da za ki yi idan ana cin zalin ɗanki a makaranta

Suwaita uku na saya wa ɗana na biyu a zangonsa na farko a ƙaramar sakandare, duk a wajen 'yan gwanjo na kasuwar Katako. Ta farko ya ce a aji ya manta ta. Ta biyu ya ce a keke ta faɗi. Duk wanda ya taɓa fita da sassafe a Jos lokacin hunturu ya san yaro zai iya manta jakarsa ɗungurungum, amma ba zai manta suwaita ba. Ni ban yi wannan lissafin ba. Faɗa na rufe shi da shi, na ce ko ya ɗauka babansa masaƙa gare shi.

Ta ukun da idona na gan ta a jikin wani dogon yaro ɗan aji uku, yana tsaye wajen mai awara a bakin ƙofar makaranta. Da ɗinkin baƙin zaren da na yi mata a gwiwar hannu na gane ta. Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyarwa a firamare kafin in koma ɗinki, na raba faɗan yara ba adadi, amma ga shi wata biyu ana ƙwace wa nawa ɗan kaya da kuɗin tara ban sani ba. Abin da zan faɗa a nan, rabinsa daga aji na samo shi, rabinsa daga kuskuren da na tafka a gidana.

Ki fara da tantance abin da ke faruwa. Yara biyu sa'annin juna su dambace a kan biro, gobe ki gan su suna cin gyaɗa tare, wannan faɗa ne, ba ya buƙatar ki ɗauki mayafi. Cin zali daban yake. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan'adam da ya fara nazarin al'amarin a makarantun Suwidin da Norway tun shekarun 1970, ya ware shi da abu uku: da gangan ake yi, ana maimaitawa, kuma mai yi ya fi wanda ake yi wa ƙarfi. Ƙarfin ba lallai na jiki ba ne. Yana iya zama shekaru, ko yawan abokai, ko kuɗin gida, ko kaifin baki. Yarinyar da 'yan aji suka haɗa kai ba mai zama kusa da ita, ba wanda ya ɗaga mata hannu, amma cin zalinta ake yi. Haka mai i'ina da ake kwaikwayon maganarsa, da mai sikila da ake ce wa ba zai daɗe ba, da zabiya, da mai fitsarin kwance a makarantar kwana. Rahoton UNESCO na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, abokan karatunsa sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a watan da ya gabaci tambayar.

Yaro ba kasafai yake faɗa da baki ba. Ciwon ciki na safiyar Litinin da ke warkewa da zarar lokacin makaranta ya wuce, dawowa da yunwa kamar ba a ba shi kuɗi ba, aljihun riga a yage, canja hanya, huce haushi a kan ƙannensa, duk magana ce. Nawa ya daina cin abincin safe, ni kuma na ɗora wa sanyi.

Yadda za ki tambaya ya fi komai muhimmanci, kuma a nan yawancinmu muke ɓata lamarin. Kada ki tsayar da shi a gabanki kamar alƙali ki ce, "Wa ya taɓa ka?" Zai ce ba kowa. Ki bari sai hannunku na aiki, idonku ba ya haɗuwa. Ni da daddare na zaunar da shi muna feraye dankali, na ce, "Da wa kake zama lokacin tara?" Ya ce shi kaɗai. Na ce, "A makarantarku wane wuri ne ba ka son bi?" Ya daɗe yana juya dankali ɗaya a hannunsa, sannan ya ce, "Bayan banɗaki." Can kuma ya ce, "Umma, in na gaya miki, ki yi mini alkawari ba za ki je ba."

Wannan roƙon shi ne dalilin shirun wata biyu. Yana tsoron masu cin zalinsa, amma ya fi tsoron abin da ni zan yi: in faɗa makaranta ina zage-zage, washegari a sa masa suna ɗan Mama, dukan ya ninku. Kada ki yi alkawarin ba za ki je ba, don ba za ki iya cikawa ba, kuma idan kika saɓa ba zai ƙara gaya miki komai ba. Abin da na ce masa shi ne, "Ba zan yi komai a ɓoye maka ba. Duk abin da zan yi, sai mun yi shawara." Sannan ki haɗiye fushinki har ya gama. Ki gaya masa kin yarda da shi, kuma ba laifinsa ba ne. Ni sai da na ƙara da ba shi haƙuri a kan faɗan suwaita.

Babansu da ya ji labari, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne rama cuta ga macuci ibada ne. Na fahimce shi, ciwon uba ne. Amma na ce ya auna: ɗan shekara goma sha ɗaya, da ɗan sha biyar mai abokai uku a bayansa. In ya rama aka yi masa lilis, ya sha kashi biyu, na makaranta da na kunyar ya kasa abin da babansa ya sa shi. In kuma ya yi sa'a naushinsa ya shiga, shi malami zai gani, shi za a kora gida. Kakarsu kuwa cewa ta yi, "Yi haƙuri, kai ma wata rana siniya ne." Wannan ta fi ba ni tsoro, domin da ita ake gadon abin daga aji zuwa aji.

Kafin ki taka ƙafa makaranta, ki samu ƙaramin littafi ki rubuta: rana kaza, wuri kaza, wane ya yi kaza, su wane suna tsaye. In akwai rauni ki ɗauki hoto, in ya kai na asibiti ki adana katin. In a WhatsApp ne ko Facebook, ki ɗauki hoton saƙon kafin a goge, kuma kada ki ƙwace wayar ɗanki a matsayin magani, zai ɗauka shi aka hukunta. Na zauna a ɗakin malamai, na san bambancin uwar da ta shigo tana cewa "ana damun ɗana" da wadda ta buɗe littafi ta karanto ranaku biyar. Ta farko ana lallashinta ta tafi. Ta biyu ana jawo mata kujera.

Ki fara da malamin aji, ba lokacin taron safe ba, kuma ba a idon ɗalibai ba. Ki gaishe shi da mutunci, mutum ne mai fama da aji cike maƙil, wataƙila da gaske bai sani ba. Ki rubuta takarda kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya ki koma da ita. Kuma kada ki tsaya a "a ɗauki mataki", ki faɗi abin da kike so. Ni ga abin da na roƙa: "Malam, a samu babba da zai riƙa leƙa bayan banɗaki lokacin tara. A kira yaron shi kaɗai, a ce malami ne ya gani, kada a ambaci ɗana. Kuma don Allah kada a zane shi a gaban taro." Malamin ya yi mamakin na ƙarshen. Na ga yadda yake ƙarewa sau da yawa: a tsula wa yaro bulala a gaban makaranta, malamai su ji sun gama aiki, shi kuma ya je ya jira a lungun hanyar gida inda babu malami. Haka nan haɗa su a ofis a ce su yi musabaha, wannan sulhun sa'anni ne. Wanda ake tsoro da mai tsoro ba sa sasantawa a haka, ƙaramin zai ce ya yafe ne kawai don a sake shi.

Kafin ki tashi, ku sa ranar da za ki dawo, mako biyu. Ki kuma dawo ɗin, ko da ɗanki ya ce komai ya lafa.

Kada ki tare yaron da kanki. Ranar da na ga suwaitar nan saura ƙiris in cakumi wuyansa, Allah ya taimake ni mai awara ta yi mini magana na dawo hayyacina. Da na yi, da labarin ya koma wata mata ta daki ɗan mutane. Mu nan Jos akwai ƙarin dalili. Tun rikicin 2001 mun san yadda ƙaramar magana ke girma idan ta bi ta bakin manya, kuma makarantu na cikin 'yan wuraren da yaranmu da na wasu unguwanni ke zama a benci ɗaya. In yaron da ya ci zalin naki ba addininku ɗaya ba, ko ba ƙabilarku ɗaya ba, ki tsaya a kan abin da ya aikata. In kuma da addinin ko ƙabilar ake yi wa ɗanki gori, ki faɗe shi ƙarara a ofishin shugaban makaranta, can ne muhallinsa, kada ki kai shi zauren WhatsApp na unguwa. Namu dai, abin kunya, ɗan layin bayanmu ne, Islamiyyarsu ɗaya da ɗana.

Abin da na fi ganin amfaninsa ba a ofis aka yi shi ba. Mai cin zali 'yan kallo yake yi wa wasa. A Finland, masana a Jami'ar Turku sun gina shirin da ake kira KiVa a kan wannan: a karkata ga yaran da ke tsaye suna dariya ko suna shiru, domin idan suka janye, abin ya daina daɗi. Ki tuna bidiyon nan na Afrilun 2024 daga wata makarantar kuɗi a Abuja, ana ta sharara wa wata ɗaliba mari, wasu na tsaye, wani na ɗauka a waya, har aka rufe makarantar na kwana uku. Ni ba ni da wani shiri, abin da na iya na yi. Na roƙi ɗan maƙwabciyata da ke babbar sakandare su riƙa tafiya tare da dawowa. Na ce ɗana ya gayyato biyu daga ajinsu ranar Asabar, na soya musu dankali da ƙwai, suka buga ƙwallo a ƙofar gida. Yaro mai aboki ko ɗaya ne ya fi wuyar taɓawa. Na kuma daina ba shi kuɗi a hannu, na riƙa biyan mai awara na mako guda. Sauran yarana na koya musu cewa kai ƙara don a jefa wani cikin matsala shi ne gulma, kiran malami don a ceci wani kuwa ba gulma ba ne.

In malamin aji ya gaza, ki hau sama: shugaban makaranta, ƙungiyar iyaye da malamai, sannan hukumar SUBEB mai kula da firamare da ƙaramar sakandare a jiha, ko Ma'aikatar Ilimi ta jiha, wadda makarantun kuɗi ma a ƙarƙashinta suke. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Filato na cikin jihohin da suka amince da ita, ta haramta cutar da yaro a jikinsa ko a ransa, don haka ba alfarma kike roƙo ba. Amma in akwai makami, ko rauni mai tsanani, ko an taɓa yaro a al'aurarsa, babu jiran mako biyu: asibiti da 'yan sanda a ranar. In ya daina ci da barci, ko ya fara cewa gara ya mutu, kada ki ce shirmen yara ne, ki kai shi ga likita. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Masu yara a makarantar kwana kuma, ranar ziyara kada ku tsaya a cin shinkafa a gindin bishiya. Ku buɗe akwati ku ga abin da ya rage, ku tambayi bokiti nawa yake ɗebowa da safe, kuma na wa.

Wata rana kuma ke za a kira a ce naki ne ke yi. Kada ki ce "ɗana ba zai yi ba" kafin ki ji. Uwar yaron nan, da makaranta ta kira ta, ba ta yi musu ba. Bayan Magariba ta yi sallama a gidana, shi yana bayanta kansa a ƙasa, da suwaita biyu a leda, an wanke an ninke. Ta farkon ya riga ya sayar. Ta sa ya biya kuɗin daga abin da yake samu a wajen wankin mota, ɗari biyu-ɗari biyu, sai da ya ɗauki mako shida. A hirarmu na gane yayansa haka yake yi masa a gida.

Ɗana bai ƙara sa suwaitar mai baƙin zare ba. Ya ce ta yi masa kaɗan, alhali daidai take. Ban ja maganar ba, na ba ɗan ƙanwata, na koma Katako na sayo ta huɗu.