Kurakuran da aka fi yi wajen dawo da tsohon umarni a Bash

Da yawa daga masu aiki a tamina, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ba su san wata hanyar dawo da abin da suka rubuta ba sai kibiyar sama. Mutum ya yi ta dannawa yana neman umarnin ssh (na shiga wata kwamfuta daga nesa) na shekaranjiya, alhali ga Ctrl+R. Danna shi, ka rubuta haruffa uku ko huɗu daga cikin umarnin, Bash, manhajar da ke karɓar umarninka a tamina, zai zaƙulo maka shi. In ba shi ba ne, sake dannawa. In ka fasa, Ctrl+G. Wanda ya wuce wurin yakan danna Ctrl+S don ya dawo, sai tamina ta sandare. Ba lalacewa ta yi ba, Ctrl+Q zai sake ta, kuma sanya stty -ixon a fayil ɗin .bashrc, inda ake ajiye saitunan Bash, zai hana faruwar hakan.

Inda ake asara ta gaske shi ne alamar motsin rai (!), wadda ke maimaita tsohon umarni, wadda Bash ya gada daga csh, wata manhaja irinsa da Bill Joy ya rubuta a Berkeley a ƙarshen shekarun 1970. Babu laifi a sudo !!, wato maimaita umarnin ƙarshe da izinin mai kula da kwamfuta, idan yanzun nan aka hana ka izini, tunda umarnin na gabanka. Amma !rm fa? Zai ɗauko umarni na ƙarshe da ya fara da rm, umarnin goge fayil, ya zartar nan take, ba tambaya. Idan na ƙarshen rm -rf * ne, mai goge abin da ke cikin folda, da ka yi a wata folda ta shara, yanzu kuma kana cikin foldar aikinka, to sai haƙuri, domin rm ba ya ajiye komai a kwandon shara. Rubuta !rm:p, zai nuna maka umarnin kawai ba tare da ya zartar ba. Ni dai na fi son shopt -s histverify, wanda ke ajiye maka umarnin a layi ka karanta kafin ka danna Enter.

Sai ƙorafin cewa umarni ya ɓace. Bash ba ya rubuta tarihin umarninka a fayil ɗin .bash_history sai an rufe shi. Idan aka ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, na ranar ya tafi. Idan kuma tagogi da yawa ka buɗe, wata na iya danne na wata. Maganin shi ne shopt -s histappend tare da PROMPT_COMMAND="history -a". Ka ƙara HISTSIZE ma, wato adadin umarnin da Bash ke tunawa, domin 500 ne na asali, Ubuntu kuwa 1000 take sanyawa.

Kalmar sirri da aka rubuta cikin umarni tana zaune a fili a .bash_history, kuma history -c, mai share tarihin da ke tagar da kake ciki, ba ya taɓa fayil ɗin. Nemo lambar layin da umarnin history, ka yi history -d da lambar, sannan history -w. Nan gaba ka fara irin wannan umarnin da sarari guda, don kada ya shiga tarihi, muddin saitin HISTCONTROL na ɗauke da ignorespace ko ignoreboth.