Yadda Ake Hawa Jirgin Metro a Birnin Alƙahira

Wanda ya sauka Alƙahira don karatu a Azhar ko neman magani, da wuya ya kwana uku bai ga cunkoson motoci ya cinye masa rabin yini ba. Mafita ita ce metro, jirgin da ya fara aiki a 1987, na farko irinsa a Afirka. Layuka uku ne ke aiki, kuma abin da za ka riƙe a kai shi ne sunan tashar ƙarshe ta kowane layi, domin da shi ake nuna alkibla.

Layi na 1 ya taso daga Helwan a kudu zuwa Sabuwar Marg a arewa, tashoshi 35. Layi na 2 ya haɗa Shubra al-Khaima da Munib, tashoshi 20, ya ratsa ƙarƙashin kogin Nilu ya bi ta Dukki da Jami'ar Alƙahira da Giza. Layi na 3, wanda aka buɗe a 2012, ya taso daga Adli Mansur a gabas, ya bi ta Abbasiyya da Ataba da Zamalek. Shi ne mafi sanyi da tsafta, amma yana da tarko ɗaya: a tashar Kit Kat ya rabu biyu, reshe ɗaya zuwa Rod al-Farag, ɗaya zuwa Jami'ar Alƙahira. Ka karanta abin da aka rubuta a goshin jirgin kafin ka shiga.

A bakin ƙofa za ka ɗora jaka a na'urar bincike, sannan ka nufi tagar tikiti. Kuɗin ya danganta da yawan tashoshin da za ka wuce: har 9, ko 10 zuwa 16, ko 17 zuwa 23, ko fiye. Ka faɗi sunan inda za ka kawai, mai sayarwa ya san lissafi, kuma ka tanadi canji. Ka zura tikitin a ƙofar ƙarfe, ya fito ta gaba, ka zare. Kada ka yar da shi, kada ka lanƙwasa shi, domin da shi za ka fita. Wanda ya ɓatar da nasa, ko ya zarce iyakar tashoshin da ya biya, tara ce ke jiransa.

Daga nan sai alkibla. Allunan ba su cewa arewa ko kudu. Za ka ga kalmar "ittijah", wato alkibla da Larabci, da sunan tashar ƙarshe. Idan kana Sadat, wato ƙarƙashin Dandalin Tahrir, kana son Giza, ka bi alamar Munib: Opera, Dukki, Buhus, Jami'a, Faisal, sai Giza. Daga can kuma mota za ka nema zuwa dalar Fir'auna, jirgin bai kai ba. Haka ma filin jirgin sama.

Wuraren sauya layi biyar ne. Sadat da Shuhada suna haɗa 1 da 2, Ataba da Jami'ar Alƙahira suna haɗa 2 da 3, Nasir kuwa 1 da 3. Ba a sake sayen tikiti muddin ba ka fita daga ƙofa ba. Shuhada ita ce ta Dandalin Ramsis, inda ake hawa jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya ko Aswan, kuma turmutsitsinta ya fi na ko'ina. In kana da zaɓi, Sadat ta fi sauƙi. Tsofaffin taswirori suna kiran Shuhada da Mubarak, sunan da aka cire a 2011.

Masallacin Azhar ba shi da tasha a ƙofarsa. Ka sauka Ataba ko Bab al-Sha'ariyya ka ƙarasa da ƙafa ko mota. Masallacin Amru bin Asi kuwa yana kusa da Mar Girgis a Layi na 1.

A tsakiyar kowane jirgi akwai taragon mata zalla, da alamar "sayyidat", wato mata, a dandamali daidai inda suke tsayawa. Mace na iya shiga kowane tarago, namiji ne ba ya shiga nasu. Baƙo mai gaggawa ya kan faɗa ciki ba da sani ba, sai ya ji ana yi masa tsawa. Ƙofa ba ta daɗewa a buɗe, don haka ka matso kusa da ita tun tasha ɗaya kafin taka, jakarka a gaba. Jirgi na fara aiki da misalin ƙarfe 5 na asuba har wajen 1 na dare, a Ramadan a ƙara lokaci, kuma safiyar Juma'a ce lokacin da ake samun wurin zama ba tare da kokawa ba.