Yadda za ka tsallake jarrabawar gareji a Driver, ka kuma kuɓuce wa 'yan sanda a titi

Wasan bidiyon tuƙin mota mai suna Driver ya fito a na'urar PlayStation a 1999, daga kamfanin Reflections na ƙasar Ingila. Kai ne Tanner, ɗan sandan ciki da ya ɓad da kama ya zama direban 'yan ta'asa domin ya kutsa cikin ƙungiyar Castaldi. Babu bindiga a hannunka, kuma ba ka fita daga mota. Sitiyari ne makaminka a Miyami, San Faransisko, Los Anjalis da Niyok. Sai dai kafin ka fara aikin farko a labarin wasan, sai ka ci jarrabawar gareji: abubuwa tara cikin sakan 60. A nan mutane da yawa suka ajiye wasan, kuma abin takaici ne, domin matsalar ba ta saurin yatsa ba ce. Tsarin jere abubuwan ne ba su samu ba.

Fara da sanin madannai. X totur ne, murabba'i birki da ribas, alwatika birkin hannu, da'ira kuma ita ke sa tayoyin baya su murza ƙasa su yi hayaƙi. L1 na karya sitiyari har ƙarshe nan take. Idan ka danne L2 da R2 tare, za ka ga bayanka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin jerin daga sama zuwa ƙasa, ana tsayawa bayan kowane ɗaya. Lokaci ba zai isa ba. Dole ƙarshen wannan ya zama mafarin wancan.

Da an fara ƙidaya, danne da'ira maimakon X. Hayaƙin taya ya cika sharaɗi na farko ke nan. Miƙe sak zuwa bangon da ke can ƙarshe ba tare da ka taɓa sitiyari ba, har gwajin gudu ya samu. Kada ka sassauta. Sai bango ya matso sosai za ka danne murabba'i ka tsaya dab da shi, wannan shi ne gwajin birki. Idan ka taka da wuri, motar za ta tsaya nesa da bango, ba za a ƙirga maka ba. Idan ka makara kuma, ka ƙwala hancinta. Duk bugu ana rubuta shi, kuma kaɗan aka yarje maka kafin a sallame ka.

Kada ka ɗaga yatsa daga murabba'i. Motar za ta fara ja da baya da kanta. Bar ta ta ɗauki gudu sosai, sannan ka saki, ka danne L1 tare da hagu ko dama. Gaban motar zai wulwulo. Yana fuskantar inda bayan yake a da, sai ka miƙe sitiyari ka ba ta X. Juyin ribas ya samu. Abin da ke ɓata shi guda ne, rashin isasshen gudu: motar sai ta tsaya a gicciye a tsakiyar gareji.

Daga nan ɗauki gudu kaɗan, karya sitiyari ka ɗan taɓa alwatika. Gindin motar zai zame ta juyo gaba ɗaya, ka samu birkin hannu da juyin 180 a tare. Taɓawa ake yi a saki. Wanda ya riƙe alwatika, motarsa mutuwa take yi a wurin, sakan uku ko huɗu su tafi a banza.

Saura uku. Abin da aka rubuta Slalom saƙa ce tsakanin ginshiƙai: ka bi wannan ta dama, na gaba ta hagu, har ƙarshen layi, ka juyo ka sake saƙawa har a soke shi daga jerin. A nan gaggawa ke kashe mutum. Riƙa taɓa X kana saki, kuma ka fara karya sitiyari tun ginshiƙi yana daidai ƙofar direba, domin waɗannan manyan motocin Amurka na shekarun 1970 gindinsu na da nauyi, yana biyowa ne a makare. Sai zagaye ɗaya cikakke ta bayan ginshiƙan duka. Ka bar juyin 360 a ƙarshe: tsaya cak a fili, danne da'ira da L1 da gefe ɗaya, kada ka saki sai ta zagayo inda ta fara. Akwai garejin a sashen koyo na wasan, inda za ka maimaita shi ba tare da asarar komai ba.

A titi, ma'auni biyu ke saman allo: na lalacewar mota da na laifi. Na farko ya cika, aiki ya ɓaci. Na biyu yana hawa ne idan 'yan sanda suka gan ka kana karya doka, kamar gudun wuce kima, keta danja ko bugun motocin mutane, kuma yawan hawansa, yawan zafin da za su yi maka, har da tare hanya. Taswirar da ke ƙasa tana nuna kowace motarsu da inda take kallo. Idan ma'aunin laifinka babu komai kuma lokaci bai matse ka ba, rage gudu ka wuce su salin alin.

Idan suka biyo ka, kada ka yi tseren miƙaƙƙiyar hanya da su, za su cim maka. Sha kwana da birkin hannu, shiga lungu, ko ka ratsa tsakanin motocin da ke tahowa su yi karo da su. Ɗan sandan da ya taho gaba da gaba, nufe shi har ya kusa, sannan ka kauce. Kafin ya juyo ka yi nisa. Ayyuka da dama ba sa kammaluwa muddin akwai mai bin ka, don haka ka yar da shi tun kafin ka isa wurin jar kibiyar da ke nuna inda za ka tsaya.

A San Faransisko tuddai ne abin tsoro. Miƙe sitiyari kafin ka kai ƙololuwa, ka ɗan saki totur. Motar da ta tashi sama a karkace, a karkace take sauka, kuma idan ta kife, aikin ya ƙare ko da ma'aunin lalacewa bai kai rabi ba.