Sati guda a Gana: yadda za ka ga tsoffin abokai kuma ka ga giwa

Bara na ɗauki konje na sati ɗaya na tahi Gana, niyyata biyu ce, in ga abokan da muka yi lakwal tare nan Tawa waɗanda bida ta kai su Kurmi suka zauna can, sannan in ga giwa da idona tunda namu gandun W yanzu ba ya shiguwa saboda rashin tsaro. Tun da na dawo mutane ke tambayata yaya na haɗa biyun cikin kwana bakwai, to ga yadda ake yi, amma tun yanzu in gaya maka abin da zai cinye maka sati ba hanya ba ce, abokanka ne.

Fara da takardu. Fasfo mai sauran kwana, da karne, wato katin rigakahin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, ana tambayarshi a hilin jirgi. Kuma tunda Nijar ta hita CEDEAO a Janairun 2025 ka tambayi ka'idar shiga ta yanzu kahin ka biya tikiti, kar ka dogara da labarin wanda ya je shekara biyar da ta wuce. Ni ban ba ka shawarar mota ta Burkina ba, ga halin da hanya ke ciki ga kwanaki da za ta ci, mai sati ɗaya jirgi ne nashi. Daga Tawa ka kama bas zuwa Yamai, wajen kilomita 550, wannan ranar ma kar ka ƙirga ta cikin satin, daga Yamai akwai jirgin ASKY da ke bi ta Lome ya sauke ka Ankara, wato Accra, babban birnin Gana. Agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya. Kuɗinsu sidi ne, sefa ba ta sayen komi a kasuwa sai ka canza, kuma bakin sharjarka mai ƙahwa biyu zagaye ba ya shiga ramin wutarsu, nasu irin na Ingila ne mai ƙahwa uku, sayi abin haɗi tun ranar farko.

Tsaraba kar ka wahal da kanka, cuku da kilishi kaɗan sun isa, su ne abin da suke marmari. Albasa dai kar ka ɗauka don Allah, ta Galmi ta riga ka zuwa, kamyo kamyo ake sauke ta a kasuwar Adjen Kotoku inda aka maida 'yan albasa daga Agbogbloshie a 2021, kuma rabin mutanen da za ka gaisa da su can 'yan Adar ne.

Kwana biyu a Ankara sun isa. A unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango Hausa za ka yi ta ji har ka mance ka bar gida, sai dai Hausarsu ta sha ruwan teku, za su yi dariyar taka kai ma ka yi dariyar tasu. Da sahe koko da ƙosai a bakin titi, su ma Hausa koko suke ce mishi, da rana wace, wato shinkahwa da wake da aka dahwa da karan dawa ta yi ja. In Juma'a ta same ka can je babban masallacin Kanda da Turkawa suka gina aka buɗe a 2021.

To nan ne wurin da ake faɗuwa. Aboki zai ce haba malam, shekara goma sha biyar ba mu haɗu ba ka ce kwana biyu, gobe akwai suna gidan wane, jibi Alhaji ya ce a kawo ka ku ci tuwo, uwargida ta riga ta yanka kaza, kuma wallahi ba ka iya cewa a'a ido da ido, haka nan wani ɗan unguwarmu ya je da niyyar ganin daji ya dawo bai ga komi ba sai tabarma da shayi. Maganin abin shi ne ka sayi tikitin barin gari tun kahin ka sauka gidan kowa, in an matsa ka hiddo shi ka nuna, ka ce an riga an biya, kuɗi ba su dawowa. Kuma ka roƙi mutum ɗaya ya tara maka kowa a gida ɗaya dare ɗaya, ya hi ka bi su ɗaya ɗaya cikin cunkoson Ankara a trotro, ƙananan motocin hayarsu, don unguwa biyu sai su ci maka yini.

Rana ta uku bas zuwa Kumasi, kilomita 250 ne amma ka ba shi awa biyar ko shida. Kwana ɗaya, ka gaida abokan da ke unguwannin Aboabo da Asawase, ka leƙa kasuwar Kejetia ka sayi goro, shi ne kakanninmu suka yi ta zuwa saye da jakuna a Gwanja.

Rana ta huɗu ka yi sammako ka yi arewa ta Techiman da Kintampo, a mararrabar Fufulso a karya zuwa Damongo da Larabanga, ƙohwar gandun Mole tana nan kusa. Yini guda ne a mota, ka riƙe ruwa. Mole shi ne gandun daji mahi girma a Gana, ya hi murabba'in kilomita 4,500, tun 1971 yake gandun ƙasa. Lokacinshi rani ne, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe ruwa ya yi wuya giwaye suna zuwa tabki da kansu, da damina kuwa sai ka yi ta yawo daji ya rufe. Ka kama ɗaki tun da wuri a Mole Motel, yana bisa tudu tabkin na ƙasa, kana zaune da kofin shayi kana kallon su suna wanka.

Abin da ya hi komi daɗi shi ne yawon ƙasa na ƙarhe bakwai na sahe, mai gadin daji da bindiga a gaba ku kuna bin shi. Takalmi rufaffe dole ne, silifas ba su yarda, ka sa wando mai kauri don ƙudan tsando yana son baƙin tuhwa da shuɗi, bar babbar riga a ɗaki. Mun ga mariya da mazo da gadu yana durƙuso da gwiwa yana kiwo kamar mai roƙon gahwara, sannan sai mai gadin ya ɗaga hannu muka tsaya cik, ga toron giwa yana karya reshe, ƙarar kamar ana fasa itacen wuta. In ya ce ku ja baya ku ja, in giwa ta buɗe kunnuwa ta girgiza kai ba lokacin hoto ba ne. Gwaggon biri kuma ɓarawo ne na gaske, na aje ledar burodi da sauran kilishina bakin ƙohwa na juya in kulle, ko da na waiwaya yana bisa rufi yana ci yana kallona.

Kwana biyu ka yi a Mole don in ba ka dace ranar farko ba ka sake. Wajen hita ka tsaya Larabanga ka ga tsohon masallacin laka fari mai itatuwa a jiki, mutanen garin na cewa tun 1421 yake. Daga nan Tamale awa biyu zuwa uku, jirgin Tamale zuwa Ankara kamar awa ɗaya, shi ma ka saye shi tun kana Yamai, kuma ka bar dare ɗaya tsakaninshi da jirgin gida, don akwai wanda bai samu zuwa taron ba zai biyo ka har masauki da saƙon da za ka kai wa tsohuwarshi a Tawa, ka rage wuri a jaka.