Yadda Ake Gane Mai Ɗaukewar Numfashi a Cikin Barci

A lokacin bazara, sa'ad da zafin Damagaram yake sa jama'a kwana a tsakar gida, ba a rasa wanda minsharinsa yake hana maƙwabta runtsawa. Abin lura shi ne idan ƙarar ta yanke ɗif, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, sai bayan daƙiƙa 10 ko fiye mutumin ya yi firgigit yana haki kamar wanda aka tsamo daga ruwa. Naman maƙogwaro ne yake saki ya toshe hanyar iska. Shi mai barcin bai san wainar da ake toyawa ba, saboda haka a fara tambayar matarsa ko abokin ɗakinsa.

Daga nan sai a bi tambayoyi takwas na STOP-BANG, waɗanda masu bincike a Toronto ta Kanada suka fitar a 2008, kowace "i" maki ɗaya ce. Yana minshari mai ƙarfi? Yana wuni a gajiye? An taɓa ganin numfashinsa ya tsaya? Yana da hawan jini? Ya haura shekara 50? Namiji ne? Sauran biyun awo suke bukata. A zagaya wuyansa da tef ɗin tela, idan ya wuce santimita 40 a ba shi maki. Don ƙiba kuwa, a raba nauyinsa da tsawonsa, sannan a sake raba abin da aka samu da tsawon: mai kilo 105 da tsawon mita 1.70 zai sami wajen 36, ya zarce iyakar 35 ke nan. Maki 0 zuwa 2 haɗarin kaɗan ne, 3 zuwa 4 matsakaici, 5 zuwa 8 kuwa babba.

Akwai kuma ma'aunin Epworth na 1991, wanda yake auna yawan gyangyaɗi a yanayi takwas, kamar zaman karatu ko zama bayan abincin rana. Jimillar da ta haura 10 cikin 24 abin dubawa ce. A nan mutane sukan rage gaskiya, musamman direban da yake tsoron rasa aikinsa, alhali gyangyaɗi a hanyar Agadez ba abin wasa ba ne.

Tambayoyin nan zato kawai suke ƙarfafawa, gwajin barci da na'ura ne yake tabbatar da cutar. Wanda ya sami maki 3 ko fiye ya rubuta amsoshinsa, ya haɗa da ciwon kan safe, bushewar baki ko yawan tashi fitsari da dare idan yana fama da su, ya kai wa likita, kuma ya fi kyau mai ɗakinsa ta raka shi.